Amsar Sufeto da ta Mataimakinsa

An yi wani sufeton makarantu, Alhaji Maikano, wanda duk inda ya sauka sai ya bar wani malami da hawaye. Ran nan ya dira a wata ƙaramar sakandare, ya faɗa ajin Malama Tabawa.

Ya ce, "Yaranki za su karanta wannan labari, kowa ya rubuta abin da ya fahimta a layi biyu. Wanda amsarsa ta saɓa da tawa ya faɗi. Amsa biyu in suka zo ɗaya, satar amsa ce. In rabin aji suka faɗi, ki tattara komatsanki."

Malama Tabawa ta dubi yaranta, ta russuna. "Ranka ya daɗe, mu mutanen ƙauye ba mu da saurin ganewa. Kai da mataimakinka Malam Ladan ku gwada mana tukuna, yara su ga yadda manya ke yi."

Alhaji ya ja tsaki. "Wannan ai wasa ne."

Suka karanta, kowa ya rubuta tasa. Ta karɓi takardun, ta kife su a kan tebur.

"Kafin in buɗe, ranka ya daɗe. In sun bambanta, Malam Ladan ya faɗi, ga shi kai ka zaɓo shi. In kuwa sun zo ɗaya, wa zan ce wa yara ya leƙa ta wani?"

Malam Ladan ya fara share gumi. Alhaji ya fizge takardun ya cusa a aljihu.

"Kowa ya rubuta yadda ya gane! Malamarku za ta duba."

Ta ce, "Godiya muke. To naku fa, yanzu zan duba ko sai an tashi?"

Ko sallama bai yi ba, ya nufi mota.