Ko Tabawa Za Ta Yi Shiru?

Wani hakimi ya gaji da dogayen ƙararraki, sai ya ajiye Malam Jatau mai duba a zaurensa. Aikin malamin shi ne ya faɗi ko maganar mai ƙara tana da ƙarshe. Wanda tasa ba ta ƙarewa, a kore shi tun bai buɗe baki ba.

Ran nan Tabawa mai daddawa ta zo, surukin hakimi ya ƙwace mata gona.

Hakimi ya ce, "Malam, wannan za ta yi shiru?"

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, in ya ce zan yi shiru, wallahi ba zan daina ba. In ya ce ba zan daina ba, yanzu zan kama bakina. Malam, bismilla."

Malam Jatau ya zana ƙasa, ya share, ya sake zanawa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da na faɗa ƙarya zai zama. Sai dai ta fara, mu gani."

Ta fara tun daga kakanta da ya sare daji ya yi gonar. Da la'asar hakimi ya ce a fitar da ita.

Ta ce, "Wataƙila saura kaɗan. In ka kore ni, yaushe za ka sani?"

Rana ta uku hakimi ya dafe kai ya ce, "A mayar mata da gonarta!"

Tabawa ta yi tsit.

Malam Jatau ya gyara rawaninsa ya ce, "Ai dama na san za ta tsaya."