Ranar Bonanza Aka Binne Mama Tamar

An yi wani mutum a garin nan namu na Kafanchan. Ba zan faɗi sunansa ba. Ku na bencin baya ku daina leƙen juna, ba ya cikinku.

Uwarsa ta rasu yana goye. Ƙanwarta, Mama Tamar, ta je ƙauyensu a bayan Manchok ta ɗauko shi. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, rumfa kawai gare ta a kasuwa, tana sayar da shinkafa da wake da manja da gishiri. A ƙarƙashin teburinta yaron nan ya yi rarrafe, da ribar mudu kuma ta kai shi har jami'a. Tsofaffinmu sun san hannunta. In ta cika maka mudu sai ta ƙara gyara, sannan ta tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya.

Ana nan sai wani babban kamfani mai rassa a manyan birane ya zo ya gina kanti a bakin titi. Gilashi ko'ina, fitilu da rana tsaka, sanyi kamar cikin firji. Suka rubuta a ƙofa cewa komai araha. Amma baƙi ne, ba su san manomi ko ɗaya ba, don haka suka nemi ɗan ƙasa wanda ya san cikin kasuwa. Suka samu mutumin nan, suka ba shi manaja, da mota, da tayen ɗaurawa a wuya.

Ya 'yan uwa, aiki ba zunubi ba ne. Ku saurari abin da ya yi da aikin.

Manoman Godogodo waɗanda Mama Tamar ke kai shi gaishe su yana ƙarami, su ya bi gida gida, ya saye amfaninsu tun yana gona. Kowace safiya sai ya aika a ji farashin kasuwa, ya sa nasa ƙasa da shi. Kamfani na iya cin asara yana dariya. Rumfa za ta iya? Jama'a kuwa suka kwashe suka koma can, wa ba ya son araha? Rumfuna suka riƙa rufewa. Da ya ga kasuwa ta kwanta, sai farashinsa ya miƙe tsaye.

'Ya'yan matan da ya kashe wa sana'a su ne suka zo neman aiki wurinsa. Ya ɗauke su na wucin gadi, yau akwai gobe babu. Ya sa aka kwashe kujeru, wai mai zama ba ya aiki, har mai ciki a tsaye take yini. In an tashi sai a laluba su a bakin ƙofa kamar ɓarayi. Ranar Lahadi muna nan muna sujada, su suna can suna jera gwangwani. Shi kuma gogan yakan leƙo majami'a, ya jefa kuɗin baiko mai kauri, ya fice kafin wa'azi.

Sau ɗaya tak Mama Tamar ta taka ofishinsa. Ta ce, "Ɗana, ko wake ne ka bar mana."

Ya ce, "Mama, ba ni na sa doka ba, daga sama ne. Ki je gida, zan gani."

Bai gani ba. Ta rufe rumfa, ta koma ƙauye gidan wanta, Baba Kumai. Matar da ta saba da hayaniyar kasuwa ta zauna shiru a gindin mangwaro, hawan jini ya kama ta. Ana dab da Kirsimeti ta rasu.

To, mutanen ƙauyen nan suna da al'ada. In uwa ta mutu, dattawa su nuna wuri, ɗanta ya ɗauki diga ya yi saran farko, sannan samari su karɓa su haƙa. Muddin ɗan yana da rai, ba wanda ke taɓa ƙasar kafin shi. Ba a aiken wakili, ba a fansa da kuɗi. Mutumin nan ya san haka sarai, domin da shi aka tsayar da ranar Asabar.

Sai ogoginsa na kamfani suka bugo waya. Asabar ɗin nan za a yi bonanzar Kirsimeti, a karya farashi, kuma za su zo da kansu su gani. Me zai hana ya ce musu uwarsa zai binne? Tsoron rasa kujera ya kama shi. Ya ce musu an gama.

Da safe wata ma'aikaciya, Faustina, wadda rumfar uwarta ke manne da ta marigayiya, ta zo ta rusuna ta ce, "Oga, ka bar mu mu je mu raka Mama."

Ya ce, "Wadda ta fita ƙofar nan kada ta dawo."

Ita da sauran 'yan matan suka tuɓe rigunan aiki, suka ajiye masa a kan tebur, suka shiga bas. Shi kuma ya sa aka loda mota da shinkafa da mai da lemon kwalba, ya tura ƙauye a madadinsa.

Can kuwa an fito da akwati, an jingina diga a wurin da dattawa suka nuna. Samari suna tsaye. 'Yan zumuntar mata ta majami'a suka yi ta waƙa har murya ta dushe. Rana ta take, gawa ta fara jin zafi. Aka buga masa waya, ya ce yana mitin. Aka sake bugawa, ya kashe. A lokacin yana tsaye bayan ogoginsa yana ta washe baki, ana ɗaukar hoto.

Da Baba Kumai ya ga haka, sai ya tashi da ƙyar, ya ɗaga diga ya sari ƙasa. Ya juyo ya ce wa jama'a, "Ku shaida, Tamar ba ta bar ɗa ba." Mata suka fashe da kuka. Motar kayan nan ko igiyarta ba a kwance ba, haka aka juya ta.

Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya kira taro. Mata dai suka daina shiga kantin nan. Wadda ta zo wucewa sai ta kau da kai. Kaya suka tsufa a kan kanta, wake ya yi ƙwari. Kuna tsammani ogogin sun tuna abin da ya bari dominsu? Ina! Saƙo suka turo masa a waya cewa an sallame shi. Aka karɓe mota a gaban masu gadi. Daga baya ma suka rufe reshen, suka kwashe nasu ya nasu suka nufi wani gari. Suka bar mu ba kanti, kasuwa kuma rabinta kango.

Mutumin nan ya nemi aiki, ba mai son ganinsa. Ya gai da mutane, ba mai amsawa. Ya faɗa shan burkutu, matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu. Sai da damina ta wuce, ciyawa ta rufe ko'ina, sannan ya ja ƙafa ya tafi ƙauye. Ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, ni ne. A nuna mini inda aka sa Mama."

Baba Kumai ya sa aka kawo masa ruwa, yadda ake yi wa kowane baƙo. Ya jira ya shanye, sannan ya ce, "Sannu da hanya, malam. Ka yi ɓatan gida. Matar da muka binne ba ta da ɗa."

Tun daga ranar kansa bai ƙara dawowa daidai ba. Masu bi ta wajen tashar jirgin ƙasa kun san shi. Shi ne wanda ke tare mata a hanya, ba takalmi, yana tambaya, "Don Allah, ina aka sa ta?" Wallahi duk ranar da na gan shi ba na iya cin abinci.

Ya 'yan uwa, ba araha nake zagi ba, ba kuma na ce Allah ba ya gafara. Amma ku da kuke riƙe da makullin wasu, ku ji. Hannun da ya ciyar da kai ba tsani ba ne. Yarinyar da ke aiki ƙarƙashinka 'yar wani ce, kuma Ubangiji na ganin ƙafarta da ta kumbura. Kamfani ba ya zuwa makoki, ba ya haƙa kabari. In sun ce daga sama ne, ka tuna akwai Wanda yake sama da su.

Ya Uba, ka hana mu sayar da mutanenmu don kujera. Ka ji tausayin bawan nan naka, ka mayar masa da hankalinsa ya samu tuba kafin ya mutu. Allah ya kiyaye mu, mu da 'ya'yanmu, cikin sunan Yesu. Amin.