Furanni Bakwai na Ama Norzin

Akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu na kan dutse, sunanta Ama Norzin. Tun da mijinta ya rasu, 'yarta kuma ta tafi birni, kofin shayi ɗaya take wankewa a gidan.

Kun san baimu, furen nan mai sunkuyar da kai, wanda muke dafa ƙwan saiwarsa don tari. Ƙanƙara na narkewa kowa sai ya hau dutse, a tone shi tun bai zubar da iri ba. Ita kuwa iri take tsinta, ta shuka a bayan ɗakinta.

Baimu ba ya sauri. Shekarar farko ganye ɗaya yake fitarwa, siriri kamar allura. Sai ta biyar yake fure.

Maƙwabcinta Kalsang, gwanin tono, in zai wuce sai ya leƙo ta katanga. "Ama, yaya noman allura? In sun nuna ki ajiye min ɗaya, wandona ya yage."

Ita dai sai ta ci gaba da aikinta. Abin yana mata ciwo, ga shi kuma shi kaɗai ne ma ke mata magana.

A shekara ta biyar guda bakwai suka yi fure. A shekarar ce kuma aka wayi gari dutse babu ko ɗaya, an tone shi tas. Tari ya kama matar Kalsang. Kwana uku yana yawon neman baimu a saman dutse, ya dawo hannu Rabbana.

Sai ga shi a ƙofar tsohuwa, hula a hannu.

"Ama, ki bar ni in tone su."

Ta ce, "Irin bai bushe ba, ɗana. In ka tone su yau, baimu ya ƙare a dutsen nan."

Ta zaro wani ƙullin tsumma daga rigarta. Busassun ƙwan saiwar baimu ne da mijinta ya bari, waɗanda take lallaɓawa don nata tarin.

"Ungo. Amma ba kyauta ba ne. Idona ya daina ganin iri, gwiwa ta ƙi durƙuso. Kullum da safe za ka zo in koya maka, kada abin ya tafi tare da ni."

Matarsa ta samu sauƙi, Kalsang kuma bai fasa zuwa ba. Ama Norzin ta sauko da kofi na biyu, ta goge masa ƙura.

Da tari ta shiga sanyin shekarar, babu magani. Ba ta ga narkewar ƙanƙara ba.

Yau in ka bi ta bayan ɗakinta za ka ga Kalsang a durƙushe cikin jerin ganyaye sirara. Masu wucewa suna tambayarsa yaya noman allura. Shi dai sai ya ci gaba da aikinsa.

Darasi: Kada ka yi wa mai shuka abin da ba ya sauri dariya, wata rana kai ne za ka tsaya a ƙofarsa. Ku tura wa wanda ya san wata tsohuwa da ke shan shayi ita kaɗai.