Amalen da Ya Faɗa Bahar Maliya

Ku ji zaluncin da aka so yi wa mutum mai kwarjini irina, ni Tanimu mai raƙuma. Na sayar wa Alhaji Barau garke guda, na loda masa a jirgin ruwa daga Fot Sudan zuwa Jidda. A tsakiyar teku amale ɗaya ya tsinke igiya ya faɗa ruwa. Sai Alhaji ya maka ni gaban alƙali.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "kaya na mai sayarwa ne har su sauka a Jidda. Ya fito min da amalena, shi ɗin dai, da ransa, ko a ɗaure shi."

Na matse hawaye da hannun rigata mai aiki. "Na yarda, Allah gafarta Malam. Gobe zan yi nutso in nemo shi. Amma kafin nan Alhaji ya miƙo min 'ya'yana."

"Waɗanne 'ya'ya?" in ji alƙali.

"Taguwoyi huɗu sun haihu a jirgin. Tunda a hannuna suka haihu, ai 'ya'yan nawa ne."

Alhaji ya yi zumbur ya miƙe. "Ƙarya kake, Tanimu! Tun da suka taka jirgi suka zama nawa!"

"Har da amalen, Alhaji?"

Alƙali ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa, ya sallame mu. Ni kuwa, duk hawayen nan da na yi asara, ko shayi ba wanda ya ba ni.