Idon Zakara da Sandar Inna

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani manomi ne wai shi Mantau, gwanin gero, ga taurin kai kamar me. A gonarsa da gidansa ba ya barin ko tsinke a tsaye, komai sai ya share ƙal.

Sai tari ya kama uwarsa, ya ƙi sakinta. Ta rame, ba ta iya taku sai da sanda. Aka ce maganin sai ɗanyen ganyen idon zakara, wani tsiro mai hawa itatuwa a kurmi. Kurmin kuwa tafiyar kwana bakwai ne, ganye ba ya isowa ɗanye.

Sai Mantau ya tafi. Wata tsohuwa a bakin kurmi ta ba shi ƙwaya uku, jajaye masu baƙin kai. Ta ce, "Ƙwayar guba ce, ganyen ne magani. Tsaya in gaya maka yadda ake shuka ta."

Ya ce, "Iya, ni za a koya wa shuka?" Ya juya abinsa. Kun ji wauta.

Ya dawo, ya binne ta farko kamar gero. Kwana ashirin shiru. Sai ya tono ta. Ƙwayar ta ce, "Rigata kauri gare ta, ruwa ba ya shiga. Da ka goga ni a dutse." Kafin ya miƙa hannu, kaza ta tsince ta, kazar ta mutu.

Sai ya goga ta biyu a dutsen niƙa, ya shuka. Kwana biyar ta fito. Ta miƙo siririn kai tana juyawa, tana lalube, hagu babu, dama babu. Ta ce, "A kurmi itace nake kamawa. Ba ni da ƙashin tsayuwa."

Ya ce, "Gero ma shi kaɗai yake tsayawa. Koyi." Sai ta kwanta a ƙasa mai zafi, ta ƙone.

Saura ɗaya. Inna kuwa tari har da jini. Mantau ya ji tsoro sosai.

Ya goga ta uku, ya shuka, ta fito, ta fara lalube. Ya duba gida, babu abin kafawa, shi da kansa ya share. Ya ɗauki gatari zai nufi daji. Sai Inna ta ce, "Kafin ka dawo rana ta cinye ta. Ungo sandata."

Ya ce, "Inna, da me za ki tashi?"

Ta ce, "Kafa dai."

Ya kafa. Tsiron ya taɓa sandar, ya naɗe ta, ya hau, ya yi ganye. Mantau ya tsinka, ya dafa, Inna ta sha. Tari ya tafi.

Ya je zai zare sandar, ya tarar an naɗe ta tam har sama. Inna ta ce, "Bar mata, ta fi ni bukata. Kawo kafaɗarka."

Tun daga ranar, ko ina Inna za ta, Mantau take dafawa. Kuma bai taɓa ce mata ta koyi tsayuwa ba.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. In kun ga mai lalube, ku matsa kusa ya kama.