Jakar Nafi'u da Sunan Jaririya

Ku gyara zama, ga wata ta zo muku, kuma ba za ta tafi ba sai kun yanke mata hukunci.

A Malumfashi akwai wata mai ɗinkin hijabi, sunanta Barira. Yau kwananta shida da haihuwar 'ya mace, gobe da safe raɗin suna. An ɗaure rago, an soya cincin, an kai wa liman goro. Abu ɗaya ne babu, shi ne sunan. Mijinta Nafi'u ya ce zaɓi nata ne. Ita kuwa tun ranar kamu ta yi alkawari a gaban mata cewa in Allah ya ba ta mace, wadda ta haɗa aurenta za ta yi wa takwara. Da ta yi maganar ba ta ƙirga ba. Ƙawayen su uku ne, kowacce kuma ta ji da kunnenta.

Ga yadda abin ya faro.

Barira ba ta yi nisa a boko ba. A wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, wadda ta ɗaure da roba, ta goge karatunta har ya zama babu littafin da ke gagarar ta. Ita da ƙawayenta, Shafa'atu da Hansatu da Jummala, suna cikin wani zauren karatu na WhatsApp inda ake sakin littattafai babi-babi. A waccan shekarar wanda ya hana su sakat shi ne “Baƙo Daga Tauraro na Tara”, na wani marubuci da ba a san fuskarsa ba, mai sa hannu da “Mai Shiru”. Labarin wani saurayi ne daga duniyar da ba a magana da baki, zuciya ke aika wa zuciya saƙo. Kumbonsa ya lalace ya faɗo bayan wata kasuwa, ya ga wata yarinya, ya kamu. Kullum sai ya aika mata “ina sonki” ta zuciya, ita kuwa ba ta da layin karɓa, sai ta gaishe shi ta wuce.

Barira kan karanta wa kakarta Iya Tasalla a bayyane tana taka keke. Tsohuwar tana cewa shirme ne, amma ranar da ba a saki babi ba tuwo ba ya shiga mata.

In 'yan matan suka haɗu, gardamarsu ɗaya ce: wace baiwa ce ta fi a cikin baiwar mutanen taurari? Shafa'atu ta ce karanta zuciya, don ita ko tari aka yi a maƙwabta sai ta san dalili. Hansatu ta ce hangen abin da ke tafe, ta kuma bi da “astagfirullah, a littafi dai.” Jummala, wadda ko ludayi ba ta ɗagawa in akwai wanda za ta aika, ta ce motsa kaya daga nesa ba tare da an taɓa ba. Barira ta ce ita ɓacewa take so.

“Layar zana ke nan, tun kakanninmu akwai ta,” in ji Jummala. “Wa kike son ɓace wa?”

Barira ta ce babu kowa. Amma akwai Nafi'u, mai shagon caji da gyaran waya a bakin kasuwa. Takan kai masa wayarta ko cajin bai sauka zuwa rabi ba. Shekara guda tana zuwa, abin da ya taɓa ce mata bai wuce “cajinki ya cika” ba, shi ma yana kallon soket. Ta ɗauka bai ma san kalar fuskarta ba.

Sai littafi ya tsaya cak a babi na talatin da tara. An gyara kumbo, baƙo zai tashi ranar Juma'a, yarinya ba ta ji komai ba. Mako uku babu ci gaba. Zaure ya cika da Allah ya isa.

Shafa'atu ce ta fara shinshino wani abu. Ta koma babi na farko ta bi a hankali, ta ga yarinyar littafin da haƙori take yanke zare, wayarta a ɗaure da roba, in ta ji kunya kuma sai ta gyara hijabin da bai karkace ba. Ta je bakin kasuwa ta zauna kan benci kamar mai jiran caji. Ta lura wayoyin mutane a jibge suke cikin kwali, ta Barira kaɗai ke da wurinta a sama, a kan ƙyalle. Sai ta ɗaga murya tana ba wata mai jira labari, ta ce ai baƙon nan daga tauraro na bakwai ya zo, kuma idonsa uku.

“Na tara,” Nafi'u ya ce, kansa a sunkuye. “Kuma idonsa biyu, kamar na kowa.”

Yana rufe baki abin kwance waya ya suɓuce daga hannunsa. Shafa'atu ta taho da gudu har takalminta ya tsinke. Da Barira ta ji, allura ta soke ta ba ta sani ba. Ta ce to, a bari bayan Sallah a ga abin da Allah zai yi. Ba don Shafa'atu ba, da har yau Mai Shiru yana can da shirunsa.

Hansatu ce ta ce bayan Sallah sai dai a ga ƙeyarsa. Mahaifiyarta ke yin dambun nama na sayarwa, kuma a makon nan uwar Nafi'u ta aiko a yi mata mai yawa, wanda zai jure hanya. Hansatu ta ga wani ya zo da baro ya ɗauke janaretan shagon. Ta ga Nafi'u a layin masu jaka yana jan zif yana gwadawa. Ta tuna yayansa yana Fatakwal yana sayar da kayan waya. Ta haɗa wannan da wancan, ta buɗe babi na talatin da tara ta ajiye a kan keken Barira.

“Ƙawata, kumbon nan motar Fatakwal ce. Juma'ar nan kuma jibi ce, ba ta littafi ba.”

Aka yi mata dariya, aka ce ta cika ɗaukar zafi. Ranar Juma'a da hantsi ta leƙa kasuwa, ta tarar da kwaɗo a ƙofar shago, maƙwabcinsa ya ce ai tun ɗazu ya wuce tasha. Ba don Hansatu ba, da sai dai su ji labari.

To, an san so, an san rana, amma wa zai tsayar da mota? Barira ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta bi namiji tasha ba, ta shige ɗaki ta ja labule. Shafa'atu da Hansatu suna ta kai-komo a tsakar gida. Jummala kuwa tana kishingiɗe a kan tabarmar Iya Tasalla, ƙafafunta cikin lalle. Ta ce a miƙo mata wayarta. Ta kira kawunta, ɗan kamasho a tasha, ta zuba masa kirari har ya manta da fasinja. Ta ce akwai sabuwar jaka shuɗiya a motar Fatakwal, mai ita yana da maganar da bai gama ba a gidan Iya Tasalla, a sauke ta. Ta kira wani mai baro da ke kai mata cefane, ta ce ya ɗauko jakar kada ya waiwaya ko wa ya kira shi. Nafi'u yana zaune kusa da taga ya hango jakarsa, da dambunsa da takardunsa, tana fita daga tasha. Ya diro ya bi ta yana “Malam, tsaya!” layi bayan layi, har tsakar gidan su Barira. Lallen Jummala ko gogewa bai yi ba. Ba don ita ba, da mota ta yi Funtuwa da shi.

Iya Tasalla ce ta tare shi da sandarta.

“Kai ne Mai Shiru? Kai ne ka rataye ni mako uku, da tsufana?”

Nafi'u ya durƙusa yana haki. Ya kalli labule, inda yatsun ƙafar Barira suka tona mata asiri.

“Ɗan nan, ba ta da layin karɓa,” in ji tsohuwa. “Mu a wannan duniyar da baki muke yi.”

Nafi'u ya sunkuyar da kai ya ce, “Iya, na so in ƙarasa. Amsar yarinyar ce ban sani ba, kuma ba na so in yi mata ƙarya.”

Barira ta roƙi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ƙi. Ta gyara hijabin da bai karkace ba, ta ce daga bayan labule, a hankali ƙwarai, “Ka rubuta cewa ta ji.”

Babi na arba'in ya fita a ranar kafin la'asar. Baƙo bai koma tauraronsa ba, aka kuma sayo janareta daga hannun wanda ya saya.

Yanzu ga su a ɗakin jego, Barira rungume da jaririya. Shafa'atu ta ce in ba a san ciwo ba wa zai nemi magani? Hansatu ta ce maganin da ya zo bayan jana'iza sunansa asara. Jummala, tana kwance tana cin cincin ɗin suna, ta ce sani da hange ba su taɓa sauke jaka daga mota ba. Barira ta ce ko a haɗa sunayen uku, liman ya aiko cewa jaririya ce ba motar haya ba. Ta juya ga Iya Tasalla ko za ta karɓa a huta, tsohuwa ta ce takwarorinta huɗu, biyu sun fitine ta, ba ta ƙari. Nafi'u kuwa da aka tambaye shi, sai ya kalli soket ɗin bango.

Gari zai waye, rago yana jira. To, wadda ta karanta zuciya, da wadda ta hango tafiya, da wadda ta juyo da jaka daga kan tabarma, wace ce a cikinsu ta cancanci a kira sunanta gobe da safe?