Likkafani Mai Maho

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye can baya, tun ba a san keken ɗinki ba. Ke mai keke, ɗaga ƙafarki tukuna, zanen ba zai gudu ba. Ku saurara.

Sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba, ɗan lambu ne kawai. In damina ta ɗauke, sanyi ya sauko, maza suka ɗaure kaya suka tafi ci-rani, shi sai ya gangara fadama ya dasa albasa. Da ita yake ciyar da gida, don hatsin gonarsa ba ya kai su ko bazara.

Matarsa Lanti, bakinta ya fi nawa kaifi, amma hannunta na kaɗi ne. Shekara da shekaru tana tara auduga, ta gurza, ta kaɗa, kaɗan-kaɗan, har zaren ya isa masaƙi ya saƙa musu fari. Ba na biki ba. Likkafanin mijinta. Mutanen da haka suke, tsoho yakan tanadi nasa tun yana tafiya da ƙafarsa. To shi Nomau, in ya gama ban ruwa, sai ya zauna a hantsi yana haɗa bakin farin da allura.

Lanti ta ce, "Malam, wannan ƙawata ɗinki kamar mai shirin angwanci?"

Ya ce, "Ai ita ce rigar da zan fi daɗewa a ciki."

To akwai maƙwabcinsa Jatau, wanda lambunsa ke sama, ruwan rafi sai ya ratsa ta nasa kafin ya iso na Nomau. Wata shekara ruwa ya ja baya. Jatau ya kwaɓa laka ya datse rafin kaf. Nomau ya je ya same shi.

"Jatau, sakar mana ko na jiƙa saiwa mana."

"Ruwan gadon ubanka ne? In ƙishi kake ji, jira damina."

Ya kai kuka wurin mai gari. Mai gari ya ce za a duba. Albasar Jatau ce a miyar gidan mai garin, kun ga dubawa sai a hankali.

Sai Nomau ya koma ɗaukar tulu. Kullum da sanyin safiya, lokacin da ku ko alwala sai an ɗumama muku ruwa, tsohon nan yana cikin kududdufi har gwiwa. Ya ɗebo, ya zuba, ya koma. Ya ɗebo, ya zuba, ya koma. Ƙafa ta yi faso har tana jini. Tari ya kama ƙirji, irin wanda in an yi shi a lambu ana ji a cikin gida. Albasa kuwa ba ta gode ba, lawashinta ya yi rawaya ya kwanta.

Ku saurara nan. Wata safiya ya gangara da tulunsa, sai ya hangi mutum kife a bakin datsiyar. Jatau ne. Ya zo ƙara laka, rai ya yi halinsa. Nomau ya ajiye tulu, ya ciro shi daga taɓo, ya kira mutane.

Aka kai gawa gida, aka ce a kawo fari. Babu. Matar Jatau ta zazzage ɗaki, ko ƙyalle. Mutumin da ya iya tare rafi bai iya tanadin likkafani ba. 'Ya'yansa suna ci-rani, masaƙin garin ma ya bi su, kasuwa kuma da sauran kwanaki. Gawa ba ta jira. Tsofaffin da ke zaure, kowa da nasa a ajiye a ɗaka, amma kowa ya sunkuya yana duba ƙasa kamar allurarsa ta faɗi. Wani ya ce, "A naɗe shi a tabarmarsa, ai ita ma sutura ce."

Nomau ya tashi ya nufi gida. Lanti ta san shi, kafin ya yi sallama ta hau tukunyar da farin ke ciki ta zauna.

"Lanti, ɗauko mini farin nan."

"Wane fari?"

"Kin san shi."

"Malam, kana jin tarin da kake yi kuwa? Wa ya sa maka shi? Dubi yatsun nan, sun kanannaɗe a kan mazari. Don Jatau na kaɗa?"

Ya ce, "Gaskiyarki. Zaren naki ne, in kin hana ba zan ƙwata ba. Amma ni na ciro shi daga laka, na ga bayansa a waje. Wanda ya cuce ni ya tafi. Abin da ke kwance can gawar Musulmi ce."

"To kai fa? Da me za a rufe ka?"

"Ni ina tsaye tukuna."

Ta daɗe a kan tukunyar nan. Sannan ta sauka, ta zaro farin, ta wurga masa a ƙirji. Ta ce, "Ɗauki. Amma kada ka je ka ce Lanti ta yafe. Ban yafe ba."

A zauren Jatau ya ƙarasa ɗinkin da ya rage, yana tari yana soka allura. Aka sa Jatau a ciki, ya yi masa daidai.

Na gan ku, kun buɗe baki kuna jira in ce da gari ya waye datsiya ta fashe, albasa ta yi kai kamar ƙwarya. Ba ta yi ba. 'Ya'yan Jatau suka ji labari suka dawo, ko sannu ba su zo yi ba, sai ma suka ƙara wa datsiyar laka. Albasa ta mutu. Kafin sanyi ya ɗaga, Nomau ya bi ta.

Aka ce a kawo fari. Babu.

Lanti ba ta roƙi kowa ba. Ta ɗauko tsohuwar rigarsa ta Sallah da majanyin da ta goyi 'ya'yanta, ta yanke wuraren da ke da sauran ƙarfi, ta zauna ɗinki. Bai isa ba. Sai ga matan unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan farin ƙyalle a ɓoye cikin mayafi, kada mazansu masu duban ƙasa su gani. Matar Jatau tana takaba, ba ta fita, sai ta aiko da farin ɗankwalin kanta. Lanti ta riƙe shi, ta dube shi, ta dube shi. Sannan ta ɗinka shi. A wajen ƙafa.

Haka aka kai shi, maho bisa maho. Kuma ƙasa ta karɓe shi yadda ta karɓi mai sabon fari, ba ta tsaya ƙirga ɗinki ba.

To ga abin da nake gaya muku. Alheri na gaske shi ne ki ba da abin da ke ma kike bukata, ki ba wanda ba zai gode ba, kuma kada ki zauna bakin ƙofa jiran sakayya a nan. Sakayyar tana wurin Allah, ba a lambu take ba. Ku kuwa, akwati cike da atamfa har kyankyaso ya yi aure a ciki, maƙwabciya ta aiko aron allura ki ce ta ɓata, don bara ta yi miki kallon banza. Kowace a cikinku tana da Jatau ɗinta, na sani, wasu ma na san sunansu. Ranar da za a zo neman abu dominsa, ki tuna ke ma fari za a nema miki.

Ke mai keke, taka abinki. Guntayen da kike zubarwa ƙarƙashin kujera dai, ki riƙa tarawa.